Garin Neman Gira a Rasa Ido: Tsara Faifai da Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Domin Samun Sauri

Gabatarwa

Ɗalibin Hausa na yau ba ya rabuwa da kwamfuta. A cikinta yake rubuta kundin kammala karatu, a cikinta yake tara muryoyin da ya naɗo daga bakin tsofaffi da mawaƙa da masu sana'a, kuma da ita yake buɗe littattafan da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi. Da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci na hannu ne, sun riga sun yi shekaru suna aiki a wani wuri kafin su iso kasuwa. Saboda haka nawarsu ba abin mamaki ba ce. A kunna kwamfuta a jira, a danna fayil a sake jira, wani lokaci ma sauti ya riƙa sarƙewa ana tsakiyar rubuta shi.

Duk mai fama da wannan matsala ba ya rasa masu ba shi shawara. Wani zai ce a raba faifai gida biyu ko uku. Wani zai ce a haɗa faifai biyu su riƙa aiki tare. Wanda ya fi su karance-karance a intanet kuwa zai ce a gutsuri wani yanki na ƙwaƙwalwar kwamfutar a mayar da shi faifai, domin babu ma'ajiyar da ta kai ƙwaƙwalwa sauri. Kowace daga cikin dabarun nan tana da gaskiyarta, sai dai ba kowace ce ta dace da ɗalibi ba. Matsayin da ya kamata a tsaya a kai shi ne: kafin a tambayi wace ma'ajiya ta fi sauri, a fara tambayar wane abu ne idan ya ɓace ba za a iya mayar da shi ba. Abin da ba ya mayuwa a ba shi wuri mafi aminci, abin da ake iya sake samarwa kuwa a kai shi wuri mafi sauri. Wanda ya juya wannan tsari yana iya ribar sakan biyu ya yi hasarar aikin shekara biyu.

Ma'ajiyoyi Uku da Bambancinsu

Kalmar faifai tsohuwa ce a Hausa. Daga faifan rufe ƙwarya ta koma kan faifan garmaho, daga nan ta iso kwamfuta, kuma ta dace da abin da ta samu a can. Tsohon nau'in ma'ajiyar kwamfuta faranti ne mai kewaye da ke juyawa, da wani ɗan hannu da ke kai da komo a kansa yana karantawa yana rubutawa. Kamfanin IBM ne ya fara sayar da irinsa a shekarar 1956, mai faranti 50, wanda duka-duka bai ɗauki fiye da haruffa miliyan biyar ba. Na yau ya ƙanƙance har yana shiga aljihu, kuma yana ɗaukar ɗaruruwan gigabait, amma yadda yake aiki bai sauya ba. Na kwamfutar tafi-da-gidanka yakan juya sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Duk lokacin da aka nemi wani bayani, sai hannun ya tafi layin da bayanin yake, sannan ya jira farantin ya juyo da shi. Wannan tafiya da jira sukan ci milisakan 10 ko fiye, wato kashi 10 cikin dubu na sakan ɗaya.

Nau'i na biyu shi ne wanda ake kira SSD a kasuwa. Ana ce masa faifai ne kawai don ya gaji aikin faifai, amma babu abin da ke juyawa a cikinsa. An gina shi a kan fasahar filash, wadda injiniya Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya ƙirƙiro a shekarun 1980. Yakan kai ga bayani cikin kimanin kashi ɗaya cikin goma na milisakan, kuma yana riƙe abin da aka zuba masa ko da an kashe wuta.

Na uku ita ce ƙwaƙwalwar aiki, wadda aka fi sani da RAM. Robert Dennard na IBM ya samu rajistar mallakar fasaharta a 1968. Tana kai wa ga bayani cikin ƙasa da nanosakan 100, amma tana da wata ɗabi'a da ya wajaba a fahimta: kowane ɗigon bayani a cikinta ɗan cajin lantarki ne da ke tsiyayewa, shi ya sa ake sabunta shi kowane milisakan 64. Da zarar wuta ta yanke, sabuntawa ta tsaya, komai ya shafe. Misalinta kamar shimfiɗar shanya ne, faifai kuwa kamar rumbu. Ana ɗebo hatsi daga rumbu a baza a shanya don a yi aiki da shi, amma babu manomin da ke barin amfanin gonarsa na shekara ya kwana a shanya da damina.

Domin a ga girman tazarar, sai a ɗauka cewa ƙwaƙwalwa tana amsa kira cikin sakan ɗaya. A wannan ma'auni SSD zai amsa bayan kimanin minti 17, faifai mai juyawa kuwa sai bayan kimanin sa'a 28. Wannan lissafi yana nuna abin da masu ɗokin ƙwaƙwalwa ke tsallakewa. Wanda ya tashi daga faifai mai juyawa ya koma SSD ya rage fiye da sa'a 27 na jira. Wanda ya ƙara tashi daga SSD ya koma ƙwaƙwalwa minti 17 kawai ya rage. A zahirin aiki, idan manhaja tana buƙatar ƙananan fayiloli dubu kafin ta buɗe, faifai mai juyawa zai ci sakan 10 wajen nemansu, SSD ya ci kashi ɗaya cikin goma na sakan. Ɗan'adam yana jin sakan 10 a jikinsa, amma ba ya lura da kashi ɗaya cikin goma na sakan, balle ya ji daɗin an rage masa shi.

A Fara Gano Inda Ciwon Yake

Likita ba ya rubuta magani kafin ya duba majinyaci. Gene Amdahl, wani masanin ƙera kwamfuta ɗan Amurka, ya bayyana wata ƙa'ida a 1967 da har yau ake kira da sunansa. Taƙaicenta shi ne, ribar da za a samu daga hanzarta wani sashe na aiki ba ta wuce rabon da sashen yake ci daga jimillar lokacin aikin ba. Idan aiki yana cin sakan 60, kuma sakan 5 kawai ake yi ana jiran faifai, to ko da an kawo faifan da ya fi kowane sauri a duniya aikin ba zai sauko ƙasa da sakan 55 ba.

Duba wannan abu ne mai sauƙi a Windows. Idan aka danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a tare, wata taga za ta buɗe da ke nuna yawan nauyin da furosesa da ƙwaƙwalwa da faifai suke ɗauke da shi. Sai ɗalibi ya bar tagar a buɗe ya ci gaba da aikinsa na yau da kullum. In ya ga faifai yana tsaye a kashi 100 alhali furosesa na hutawa, ciwon faifai ne. In ƙwaƙwalwa ce ta cika maƙil, to ita ce ta yi kaɗan, kuma nawar faifan da ake gani ta biyo baya ne, domin idan ƙwaƙwalwa ta cika manhajar gudanarwa tana kwashe rarar bayanai ta zuba a wani fayil na musanya da ke kan faifai. In kuwa furosesa ce ke kashi 100, babu tsarin faifan da zai yi magani. Wani lokaci ma ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, furosesa ta yi zafi ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, kuma share ƙurar shi ne dukan gyaran.

Yana da kyau ɗalibi ya san nauyin kayan aikinsa ma. Rubutu ba shi da nauyi. Kundi mai kalmomi dubu ɗari, idan zallar haruffa ne, bai kai megabait ɗaya ba. Sauti ne mai nauyi: sa'a ɗaya ta naɗi a tsarin WAV mai ingancin faifan CD ta kai kimanin megabait 635. Mai nazarin karin sauti da tsawon wasali da manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Jami'ar Amsterdam, ko mai daidaita magana da rubutu a manhajar ELAN, da irin waɗannan manyan fayiloli yake hulɗa. Haka kuma littafin da aka ɗauki hotonsa, kamar ƙamusun Bargery na 1934 mai shafuka sama da dubu, ya fi zallar rubutunsa nauyi nesa ba kusa ba.

Tsarin Faifai da Ya Cancanci Kuɗi da Lokaci

Ga mafi yawan tsofaffin kwamfutoci, gyara mafi amfani shi ne a cire faifai mai juyawa a sa SSD a gurbinsa, a ɗora Windows da manhajoji a kansa. Faifan tafi-da-gidanka mai juyawa yakan karanta kimanin megabait 100 a sakan idan fayil ɗin a jere yake. SSD mai mahaɗar SATA yakan kai kusan 550, mai mahaɗar NVMe kuma ya haura 3,000. Amma ba waɗannan manyan lambobi ne ke sa kwamfuta ta ji sabuwa ba. Abin da ke yin haka shi ne gushewar jiran nan na milisakan 10 da ke maimaituwa sau dubbai. Saboda haka ko tsohuwar kwamfuta mai tsohuwar mahaɗar SATA da ba ta wuce megabait 300 a sakan tana cin moriyar sauyin kusan dukkanta.

Tsohon faifan da aka cire kuma bai zama shara ba. Ana iya sa shi a ɗan gida mai igiyar USB ya zama faifan waje. A kwamfutocin da ke da gurbin DVD, akwai wani mazubi da ake sayarwa wanda ke shiga gurbin ya ɗauki faifai na biyu. Da wannan sai a samu tsari mai ma'ana: manhajoji da aikin da ake kan yi a SSD, manyan fayilolin sauti da bidiyo da aka gama da su a faifai mai juyawa.

Gyara na biyu shi ne ƙarin ƙwaƙwalwa. Windows 11 tana neman aƙalla gigabait 4, kuma wannan mafi ƙaranci ne da ke ba ta damar tashi kawai. Manhajar shiga intanet mai tagogi da yawa, da manhajar rubutu, da ta sauti, idan suka haɗu sun isa su cinye shi. Gigabait 8 na kawo sauƙi a bayyane. Sai dai a lura cewa Windows mai tsarin bit 32 ba ta iya amfani da fiye da gigabait 4, komai yawan abin da aka saka, don haka sai an tabbatar da cewa mai bit 64 ce a kan kwamfutar.

Batun raba faifai gida-gida kuwa, wato C da D, an daɗe ana jingina masa saurin da ba shi da shi. Gaskiya ne cewa a faifai mai juyawa layukan gefen waje sun fi na ciki saurin karatu, kusan ninki biyu, domin sun fi tsawo kuma farantin na wuce su da bayanai masu yawa a kowane juyi. Shi ya sa masana da suke sa manhajar gudanarwa a sashen farko. A SSD wannan hikima ba ta da wurin zama, tun da babu gefe babu tsakiya. Duk da haka rabon yana da wani amfani babba. Idan kwamfuta ta rikice aka kai ta wurin mai gyara, sau da yawa maganin da ya fi kusa da hannunsa shi ne ya shafe C ya sake ɗora Windows. Ɗalibin da ya ajiye aikinsa a D yakan tsira daga wannan, muddin ya ja kunnen mai gyaran. Amma C da D ɗakuna biyu ne a gida ɗaya. Ranar da faifan ya mutu, tare suke tafiya.

Akwai wasu ƙananan ladubba na SSD. Kada a cika shi maƙil, a bar masa kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a sarari, domin yana buƙatar wurin juya bayanai. Kada kuma a tilasta masa aikin tattara gutsattsarin fayiloli da ake yi wa faifai mai juyawa, wanda ba ya ƙara masa sauri sai dai ya ƙara masa rubutu. Tun daga Windows 7 manhajar gudanarwa tana gane SSD tana kula da shi yadda ya dace.

Haɗa Faifai Biyu

A 1988 wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka wallafa takardar da ta yaɗa sunan RAID, wato tsarin haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda. Nau'in da masu neman sauri ke so shi ne RAID 0. A cikinsa ana yanka kowane fayil gunduwa-gunduwa, a raba gunduwoyin tsakanin faifai biyu, ta yadda za su karanta su rubuta a lokaci ɗaya. Saurin manyan fayiloli na iya kusan ninkawa.

Farashin wannan sauri shi ne babu faifan da ke riƙe da cikakken fayil ko ɗaya. Idan ɗaya ya mutu, abin da ke kan ɗayan ya zama tarkace marar ma'ana. A ɗauka, don misali kawai, cewa kowane faifai yana da yiwuwar mutuwa kashi 5 cikin ɗari a wani tsawon lokaci. Idan aka haɗa biyu a wannan tsari, yiwuwar rasa komai ta kai kashi 9.75. Ga mai tace bidiyo da ke da asalin kayansa a wani wuri, cinikin na iya yin riba. Ga ɗalibin da ke da kwafi ɗaya tilo na hirar da ya yi da dattijon da wataƙila ba zai sake samu da rai ba, ganganci ne. Ko ɗan'uwansa RAID 1, wanda ke rubuta abu ɗaya a faifai biyu, kariyarsa daga mutuwar faifai ce kawai. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yana gogewa a duka biyun nan take, kuma ɓarawon da ya ɗauki kwamfuta ya ɗauki duka biyun.

Faifan Ƙwaƙwalwa

Dabarar mayar da yanki na ƙwaƙwalwa faifai ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1980 tsarin DOS ya zo da manhajar yin haka, kuma a lokacin tana da matuƙar amfani, domin faifan da jama'a ke da shi na roba ne mai tsananin nawa. A yau Linux tana da tsarin tmpfs a cikinta, masu Windows kuma sukan yi amfani da manhajoji irin su ImDisk. Da an kafa shi sai wani sabon faifai ya bayyana da harafinsa, ana zuba fayil ana kwashewa kamar kowane faifai, da saurin da ya kai dubban megabait a sakan.

Dalilai uku ne suka sa bai dace ya zama abin da ɗalibi zai fara runguma ba. Na farko, manhajojin gudanarwa na zamani sun riga suna yin wannan aikin da kansu. Duk fayil ɗin da aka karanta daga faifai, Windows ko Linux tana ajiye kwafinsa a ƙwaƙwalwar da babu mai amfani da ita, shi ya sa buɗe manhaja a karo na biyu ya fi na farko sauri. Bambancin shi ne ita tana sakin wurin da zarar wata manhaja ta buƙace shi, alhali yankin da aka killace da hannu yakan zauna a killace.

Na biyu, ƙwaƙwalwar da aka gutsura daga aljihun sauran manhajoji ta fito. Mai gigabait 4 da ya ware ɗaya ya bar wa Windows da komai nata uku, sai ta fara kwashe rara zuwa fayil ɗin musanya da ke kan faifai, kwamfutar ta fi da nawa. Wasu ma sukan ba da shawarar a ɗora shi kansa fayil ɗin musanyar a kan faifan ƙwaƙwalwa. Wannan tufka da warwara ce: an rage ƙwaƙwalwa don a samar da wurin zuba abin da ƙwaƙwalwa ta kasa ɗauka. Dabarar da ta fi wannan hankali ita ce matse bayanai a cikin ƙwaƙwalwar, kuma Windows 10 ta zo da ita a cikinta, Linux ma tana da zram mai irin wannan aiki.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne shafewa. Mutum yana iya danna maɓallin adanawa sau ɗari, manhaja ta nuna masa an adana, amma in a faifan ƙwaƙwalwa aka adana, ƙiftawar wuta ɗaya ta isa ta share komai, kuma babu mai gyaran da zai iya dawo da shi.

Hujjojin Masu Goyon Baya

Masu son wannan dabara suna da amsoshi, kuma ya dace a saurare su. Suna cewa SSD yana da iyakar rubutun da zai ɗauka kafin ya gaji, don haka karkatar da fayilolin wucin gadi zuwa ƙwaƙwalwa yana tsawaita ransa. Asalin maganar gaskiya ne, amma lissafi ya rage mata ƙarfi. Kamfanin Samsung, alal misali, ya ba faifansa 870 EVO mai gigabait 500 lamunin rubutun terabait 300. Wanda ke rubuta gigabait 20 kowace rana, abin da ɗalibi ba kasafai yake kaiwa ba, zai yi terabait 7.3 a shekara, wato sai ya shekara 40 kafin ya cinye lamunin. Kwamfutar kanta ba za ta kai haka ba.

Suna kuma cewa kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batir, ɗaukewar wuta ba ta kashe ta. Haka ne idan batirin na da rai. Amma batir ne abu na farko da ke mutuwa a kwamfutar hannu, kuma da yawansu ba sa minti goma ba tare da caja ba. Ban da haka, ba yankewar wuta kaɗai ke shafe ƙwaƙwalwa ba. Sandarewar kwamfuta da ke tilasta a kashe ta da maɓalli, ko sake tashin da Windows ke yi bayan sabunta kanta, duk sakamakonsu ɗaya ne. Akwai manhajojin da ke kwafe abin da ke faifan ƙwaƙwalwa zuwa faifan gaske a lokacin kashewa, sai dai wannan na aiki ne idan an kashe kwamfutar cikin tsari. Kashewar bazata, wadda ita ce abin tsoro tun farko, ba ta jiran kwafi.

Inda suke da gaskiya cikakkiya shi ne aikin wucin gadi mai yawan rubutu a kwamfuta mai wadatar ƙwaƙwalwa, kamar gigabait 16 ko fiye. Mai sauya ɗaruruwan fayilolin sauti daga wani tsari zuwa wani, ko mai yanka doguwar hira zuwa ƙananan jimloli, ko mai sa manhaja ta karanta hotunan shafuka ta mayar da su rubutu, yana samar da tarin fayilolin tsaka-tsaki da za a zubar bayan an gama. Irin waɗannan sun dace da shanya, da sharaɗin asalin kayan yana rumbu, kuma sakamakon ƙarshe a rumbu za a rubuta shi kai tsaye.

Wuta da Zafi

Yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet an rubuta su ne a ƙasashen da wuta kan yi shekara ba ta ƙifta ba. Ɗalibin da ke Yamai ko Maraɗi ko Damagaram yana rayuwa a wani yanayi dabam. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kimanin kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, kuma ba a mayar da ita ba sai a watan Maris na 2024. Ko a lokacin da babu rikici, watannin bazara sun saba zuwa da ɗauke-ɗauken wuta a garuruwan yankin, a ɓangarorin iyaka biyu. Dabarar da amincinta ya rataya a kan wutar da ba ta yankewa ba ta wannan yanayi ba ce. Mai kwamfutar tebur da ke da ɗan kuɗi a hannu, na'urar riƙe wuta mai batir ta fi masa duk wata manhajar sauri amfani.

Zafi ma yana da nasa hukunci, kuma a kan SSD ya faɗa. Ƙa'idar da hukumar JEDEC ta gindaya wa faifan SSD na amfanin jama'a ita ce ya iya riƙe bayanai na shekara ɗaya ba tare da wuta ba, a ma'aunin zafi 30, bayan ya cinye lamunin rubutunsa. Sabon faifai yana riƙewa fiye da haka sosai, amma ƙarin zafi yana gajarta lokacin, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafin waɗannan garuruwa yakan haura 40. Bugu da ƙari, faifai mai juyawa sau da yawa yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, ya riƙa ƙara ko nawa, SSD kuwa yana iya ɗaukewa farat ɗaya, kuma fayil ɗin da aka goge a kansa da wuya a iya tono shi. Saboda haka SSD wurin aiki ne nagari, amma bai kamata a jefa shi a akwati a ce an adana tarihi ba. Naɗin murya da kundi suna buƙatar kwafi na biyu a faifan waje da ake cirewa bayan an kwafa, da na uku a wani wuri dabam, ko a ma'ajiyar intanet ko a hannun wani amintacce. Kundin rubutu, tun da bai da nauyi, ana iya aika wa kai da shi ta imel kowane mako ba tare da cin data mai yawa ba.

Kammalawa

Tsarin da ya dace da ɗalibi yana da jeri, kuma jerin ne muhimmi. Ya fara da kwafin ajiya na duk abin da ba ya mayuwa, kafin ya taɓa ko dunƙule ɗaya a jikin kwamfutar, domin a lokacin gyara da sauya faifai ne aka fi yin hasara. Sannan ya duba ya ga wane sashe ne ke jan ƙafa. In faifai ne, ya sa SSD ya mayar da tsohon faifan ma'ajiya ta biyu. In ƙwaƙwalwa ce, ya ƙara ta, ya bar manhajar gudanarwa ta sarrafa ta yadda ta saba. Ya ware aikinsa daga sashen Windows. RAID 0 ya bar wa masu kwafin kayansu a wani wuri. Faifan ƙwaƙwalwa kuwa ya zo a ƙarshe, ga mai rarar ƙwaƙwalwa, kuma don abin da ko ya shafe za a sake samar da shi cikin minti kaɗan.

Kwamfuta mai nawa tana cin lokaci, kuma lokacin ɗalibi yana da tsada. Amma wanda ya jira minti biyu kafin kwamfutarsa ta tashi zai iya ci gaba da aikinsa bayan minti biyun. Wanda ya rasa muryar tsohuwar da ta ba shi tatsuniyoyi talatin a ƙauye mai nisan kwana guda, sai dai ya sake neman kuɗin mota, ya kuma yi fatan ya same ta.